Ramin Da Gunvor Ta Bari

Shekara sittin da ɗoriya yana kwance a ƙasan tafki,
can arewacin Norway, inda ruwa ba ya sanin ɗumi.
Kifi ya yi gida a kujerar matuƙi.
Ran da ƙugiya ta ɗago shi,
laka na tsiyaya daga cikinsa,
muka yi cirko-cirko a gaɓa, babu mai ko tari.

Gunduwa-gunduwa aka kawo shi rumfarmu,
fiffike a mota ɗaya, wutsiya a wata,
injin kuwa dunƙulen tsatsa,
sai ka ce kututturen da gobara ta raga.

Gunvor Tveiten ce uwar aikin.
Ta ba saba'in baya, tabarau ɗaure da zare,
yatsu a karkace kamar saiwar itace.
Ni ne yaronta, mai miƙo sufana,
mai wanke noti a kwanon kananzir
har fatar hannuna ta tsattsage.
"Kada ka yi masa gaggawa," in ji ta,
"shi ma bai yi gaggawar ruɓewa ba."

Hunturu tara muka ci a kansa.
Rana ta ɓuya wata biyu, guduma ba ta ɓuya ba.
Ƙusa dubu nawa? Na bar ƙirga a ta huɗu.

A hunturu na uku muka ɓare fatar fiffiken hagu,
sai ga rubutun fensir a ciki:
Irmtraud, da kwanan wata, da ɗan zanen fure.
Wata yarinya a masana'antar abokan gaba
ta sa sunanta inda ba mai gani.
Gunvor ta daɗe tana kallo,
ta goge ƙurar da gefen rigarta,
ta mayar da murfin, ta buga ƙusa.
Har yau yana nan a cikin duhu.

Ramukan harsashi goma sha ɗaya.
Shugaban gidan tarihi ya ce a toshe su duka,
a shafa fenti, ya yi sumul, ya ɗauki ido.
Ta toshe goma.
Na ƙarshen, bayan kujera, faɗin babban yatsa,
ta ce sai dai a sallame ta.
"Ta nan dalma ta shiga,
ta nan ɗan wata ya fita."

Ranar baje koli filin ya cika maƙil.
Yara da askirim, iyaye da kyamara.
Kowa ya san ba zai ƙara tashi ba,
injin kawai za mu tayar.
Farfela ta juya sau ɗaya, ta yi gardama,
ta yi tari, ta tofar da hayaƙi shuɗi,
sannan ƙasa ta kama rawa a ƙarƙashin takalmana.
Aka ɓarke da tafi.

Ban da tsoho Eilif a keken guragu.
Na gan shi ya dunƙule, hannu biyu bisa ƙeya,
yana neman ƙarƙashin teburin da babu shi.
Shekararsa shida ran da irin wannan ƙara
ta wuce ta kan rufinsu,
ta bar garin toka da bututun hayaƙi a tsaye.

Da aka kashe inji, jama'a suka watse,
ya ce jikarsa ta tura shi kusa.
Bai dubi fenti ba, bai karanta allo ba.
Gunvor ta buɗe masa ƙofar gefe,
ya laluba, ya laluba,
har yatsansa ya faɗa ramin.
Bai cire ba.
"Yaro ne?" ya tambaya.
"Sha tara," in ji ta.

Ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa.
Mai ya fara ɗiga a kan siminti.
Gunvor ta zungure ni da gwiwar hannu:
"Tsayuwar me kake? Kawo tire."