Kwana Ɗari da Arba'in da Uku

Ƙarfe uku na dare a Oulu.
Rana ta yi yaji tun watan jiya,
ba wanda ya je biko.
Daga ni sai motar share ƙanƙara,
sai iyafis guda a kunnen hagu,
na dama na bar wa titi.

A ciki Reijo ke magana.
Ban san fuskarsa ba.
Na dai san a gareji yake naɗar fodkas ɗinsa,
don wani lokaci kare kan yi haushi,
ya ce, "Ku yi haƙuri, abokin aikina ne,
shi tun haihuwa bai taɓa kurɓa ba."
Sau shida na yi wannan dariyar,
sau shida na koma kashi na talatin da ɗaya.

Da, a aljihun ƙofar nan kwalba ke kwana,
naɗe cikin safar ulu
don kada ta yi ƙara in mun hau gargada.
Ni na koya mata yin shiru,
ita ta koya mini ƙarya.
Ta cinye albashi, ta haɗa da kwale-kwalen mahaifina,
ta sa 'yata Ilta ta daina cewa Baba,
sai Tuomo, kamar mai karanta takardar haraji.

Jiya wata Sinikka ta kira shirin,
ma'aikaciyar jinya ce.
Shekara goma sha ɗaya ta riƙe,
daren biki guda ya kwance mata zane.
"Yau kwanana biyu," in ji ta.
Reijo bai yi wa'azi ba.
Shiru ya yi, na ƙirga, daƙiƙa goma sha biyu,
kuma bai yanke shirun ba da ya zo gyara.
Sannan ya ce, "Biyu ai ta fi jiya."

To yau sanyi ya kai ashirin da takwas ƙasa da sifiri.
Daidai kwanar Tuira,
inda mashaya ke amayar da mutanenta,
waya ta mutu.
Batir ba ya jure abin da mu muke jurewa.

Ga Pentti a bakin ƙofa, hula a karkace,
ya gane lambar motata, ya ɗaga hannu.
Na san abin da ke aljihun kwat ɗinsa.
Maƙogwarona ya riga ni saninsa.
Fitila ta ba da ja.
Ba Reijo, ba kare, ba Sinikka,
sai injin da ni.

Sai na ji baki ya buɗe.
"Barkanmu da dare, masu farkawa,"
haka yake farawa, haka na fara.
Na kawo kashi na talatin da ɗaya da ka,
har da haushin, na yi shi da kaina.
Da na zo inda na manta,
na cike da nawa:
safar ulu, kwale-kwale,
ranar da Ilta ta tsaya a taga da kek
har kyandir ya narke a kai.
Ban taɓa faɗa wa kowa ba.
Gilashin gaba na faɗa wa, ya yi gumi.

Kore.
Na ɗaga wa Pentti hannu,
na sauke ƙarfen shara, na wuce.
Ban ce na yi nasara ba.
Titi guda na share, saura goma sha tara.

Da asuba a ɗakin girki na sa caji.
Waya ta farfaɗo da saƙo ɗaya,
Ilta ce, ba gaisuwa, ba suna:
"Wane kashi zan fara da shi?"

Kofi ya huce ina kallon rubutun.
Na rubuta talatin da ɗaya, na goge.
Na rubuta: wanda kika ga dama,
amma in kin ji shiru, kada ki tsallake.