Rabin Baki

Ni ce Rahina ta Herwagana,
mai tsayuwa da makirfo a hannu,
hijabi ruwan toka, takalmin roba,
ina sayar da dariya kamar mai tallan awara.

A ɗakin kati na asibiti na fara.
Mata sun yi layi tun asuba,
ciki a gaba, goyo a baya,
likita bai zo ba, fanka ta mutu.
Na ce, "Ku ƙara haƙuri, iyayena,
ɗan da ke cikin nan zai shiga firamare
kafin a kira lambarku."
Wata Bafulatanar Dukku ta yi ta dariya
har faya ta fashe mata a kan benci.
Ranar aka ce in zaɓa,
ko kati ko surutu.
Na miƙa musu makullin durowa.

Daga nan sai walima, sai taron adashi,
sai bikin yaye ɗalibai a Kumo,
har babban zaure a Jekadafari
inda mutum ke cire kuɗinsa ya biya
don ya ji ina faɗa da farashin tumatir,
da mai Keke da ke rantsuwa babu canji
aljihunsa kuwa ya kumbura kamar kwaɗo,
da mijina Buba, wanda minsharinsa
ya sa maƙwabta zuwa yi mana murnar sayen janareta.

An yi magana, har gobe ana yi.
"'Ya mace, gaban jama'a, baki buɗe?"
Wani ya turo saƙo da tsakar dare
wai in ji tsoron Allah.
Na ce ina ji, Malam,
shi ya sa ba na cin naman kowa,
ba na wasa da aya, ba na kwaikwayon gurgu,
in ladan ya kira ko ina tsakiyar zance
makirfo nake ajiyewa.
Dariya tana iya jira. Na gwada ta.

Abin da ba su sani ba,
kowane zance sai ya bi ta ɗakin Baffa.
Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa,
shanyewar jiki ta kwantar da shi shekara shida,
hagu ta tafi, dama ta saura.
Ina ba shi kunun gyaɗa da cokali
ina karanta masa sabon barkwanci.
In gefen bakin da ke raye ya motsa,
zance ya ci jarrabawa.
In ya zuba wa rufi ido kawai,
takardar ta zama ta hura gawayi.
Mutum ɗari biyar a zaure
ba su kai rabin bakin nan wuyar sha'ani ba.

Ya rasu ranar wata Laraba bayan Azahar.

Sai da aka yi arba'in na koma dandamali,
jakata cike da zantukan
da babu wanda ya duba mini.
Na yi sallama, suka amsa,
sauran maganar ta maƙale a wuya.
Wani yaro ya yi tari a baya. Fanka na juyawa.
Sai na ba su labarin ranar da likita
ya hana Baffa gishiri, ya hana manja,
ya hana kilishi, ya hana shayi mai sukari,
Baffa ya tattaro 'yan kalmomin da suka rage masa
ya ce, "To... cokalin fa?"

Zaure ya ɗauka gaba ɗaya,
wata hajiya har da dukan cinyar maƙwabciyarta.
Ni ina tsaye,
gefe ɗaya na bakina yana tare da su,
ɗayan na riƙe shi da haƙori.

A waje Buba yana jira a kan babur
da ruwan leda biyu, ɗaya ya huce.
Ya ce, "Yaya taro?"
Na ce, "Sun biya.
Mu bi ta Tashar Dukku, gida babu albasa."