Kaka da Kaka

Ran da aka ɗaure damin geron ƙarshe a Kware,
kakata Tumba ta ce, "Miƙo min sandata, mu tai tafki."

Muka ratsa gonakin da suka sha aski,
karmami na ƙara a ƙarƙashin takalmanmu.
A kan tudu ta tsaya, wai gyaran ɗankwali,
ni kuwa ina jin numfashinta
kamar zugazugin maƙera.
Can ƙasa fadama ta sha ta ƙoshi,
shinkafa ta sunkuyar da kai.

Bado ya cinye rabin tafkin.
Balbela uku na gadin saniya guda.

"Nan na koyi iyo," in ji ta,
"nan kuma ruwa ya haɗiye min awarwaro,
shekarar da fara ta sauka."
Ta tsoma ƙafa,
ta daɗe tana laluben laka da yatsu,
ko ruwan zai tuna.

Da za mu juya, ta tsinko zoɓo ɗaya,
ta jefa min a aljihu.
"Baɗi, ai ka san hanya."

Ban amsa ba.
Tudu biyu muka hau da hantsi,
a dawowa sun zama uku.