Turmin da Na Jingine

Shekara ashirin ina matsar mai a Ƙaura,
ƙulina har Gusau ake sarinsa.
Hannun nan ko sau bakwai na wanke,
ƙamshin gyaɗa ne ke tashi.

Sai ga Nomau, autana, wata Laraba,
ya ɗauki guda a faifai ya gutsira.
Kafin in juya tunkuza
leɓɓansa sun yi suntum,
fata ta tashi ruɗu-ruɗu,
numfashi na fita da ƙyar, yana fito kamar sarewar kara.

Maƙwabta suka ce kambun baka ne,
Gwaggo Ige ta tafi neman garwashin turare.
Ni dai na saɓa shi, ko mayafi babu,
ɗan acaɓa ya kai mu asibiti.

Allura ɗaya a cinya,
iska ta dawo ƙirjin yarona.

Likitar, wata siririya mai tabarau, ta zaunar da ni:
"Inna, borin jini ne mai tsanani.
Kowane jiki da masu gadinsa.
Nasa sun ga gyaɗa sun zaci ɓarauniya ce,
suka yi ta kai duka har suka fasa gidan da suke tsaro.
Ba maita ba ce, ba a ɗauka,
kuma kada wani ya ce a ba shi kaɗan-kaɗan ya saba."

Na ce, to magani fa?
Ta ce, "Babbansa nisa.
Ƙwaya na kwantar da ƙaiƙayi,
amma in murya ta shaƙe ko harshe ya kumbura,
kada ki jira asuba."

Ashe ba a faifai kaɗai gyaɗa ke kwana ba.
Tana cikin yajin tsire,
tana cikin kwaɗon zogale da kunun safe,
har a ludayin da aka ɗauraye da gaggawa.
Na je na faɗa wa malaminsu,
na faɗa wa mai tsiren bakin tasha.
Shi kansa yanzu, ɗan shekara shida,
in an miƙo masa abu sai ya ɓoye hannu:
"Da gyaɗa?"

Tsohon turmin na jingine shi bayan rumbu.
Na sayi sabo, fura nake kirɓawa,
ribar ba ta kai rabin ta da ba.

Wani dare in iska ta kwaso ƙamshin suya daga wata unguwa,
yatsuna sukan fara murza su kaɗai.
Sai in tashi in leƙa shimfiɗarsa,
in kara kunne a ƙirjinsa.
Shiga, fita. Shiga, fita.
Babu sarewa.