Casa'in da Ɗaya

Ƙarfe bakwai, sanyin Jos na cizon yatsu.
Ɗakin jarrabawa a titin Bauchi, kwamfuta ta talatin da biyu.
Tambaya ta fito, ta zauna tana kallona:
cikin huɗun nan, wacce ce ba ta rabuwa
sai da ɗaya, sai da kanta?

Hamsin da ɗaya. Biyar da ɗaya shida,
uku ta shige ta kamar wuƙa a kabewa.
Tamanin da bakwai ma ba ta yi gardama ba.

Casa'in da ɗaya kuwa ta yi lamo,
fuskar salihai, wai ita ba ta san kowa ba.
Biyu ta yi sallama, ta koma. Uku ta koma.
Biyar ko kallo ba ta samu ba.
Yatsana har ya ɗaga.

Sai na tuna Farin Gada,
ranar da Baba Tanimu ya juye kwandon dankali
ya ce in kasa bakwai-bakwai.
Kashi sha uku na jera kan buhu,
ko ƙwaya ba ta yi saura ba.
Na ƙirga don in burge shi.

Munafuka! Ashe da dangi kike.

Na aika bakwai gun casa'in da bakwai,
shida suka rage a ƙasa, ba mai ɗauka.
Sha ɗaya fa? Malam Pam ya ce kar a wahala,
in ta ninka kanta ta wuce gidan.

Na danna.
Na kusa da ni yana tauna farce,
agogo ya cinye min minti biyu.