Shekara Bakwai

A Taminus, jikin ƙonanniyar kasuwa,
inda Dalyop ke baza tsofaffin littattafai kan buhu,
na tsinci wani marar bango.
Naira ɗari uku, har da kashin ɓera a ciki.

Gara ta cinye sunan yarinyar.
Ta bar shekarunta: sha tara.
Ta bar laifinta: ƙyalle yadi biyu daga shagon wani.
Ta bar bakin alƙali mai hular gashin doki:
shekara bakwai, bayan teku.

Ashe Bature ya ɗaure Bature.
Ashe kafin wuƙar ta iso mana
a naman gida aka gwada kaifinta.

Wata biyar suna bisa ruwa, in ji littafin,
ƙarƙashin katako, inda rana ba ta gaida kowa,
mari a ƙafa, kwarkwata a ka,
makwancin mutum ko kabari ya fi shi yalwa.
Kafin tashi wasu sun goge kwabo har ya yi sumul,
suka karce shi da ƙusa,
suka damƙa wa uwa a bakin gaɓa:
in kin ga wannan, tuna ni.

Na rufe. Na tari keke zuwa Bukur.
Na zauna bakin kududdufin kuza,
ruwan nan kore da ba a san gindinsa ba.

Kakana Nomau ko allura bai ɗauka ba.
Dagaci ne ya ƙirga gidaje,
ƙirgen ya tsaya a ƙofarsu,
shekarar dibar gwamna.
Aka zuba su a tarago daga Ƙauran Namoda,
gero bai ko fid da kai ba.
Wata huɗu kacal, aka ce.
Riga ɗaya gare shi, sanyin dutse kuwa ba ya jin magiya.
Kwano a ka, hawa, sauka, hawa,
har gashin tsakar kansa ya yi ƙaura
bai sake dawowa ba.
Shi ma haka.

Yakan ce da mu, yana murza goro a magogi:
"Ramin da na haƙa ya fi garinmu girma,
ina zan koma in kwana?"

Ita fa?
Shafukan ƙarshe wani ya yage,
ƙila an ƙunsa ƙosai da su.
Ban san ko ta ƙare bakwai ɗin ba,
ko ta haifi 'ya'ya can
masu rantsuwa kakarsu da kanta ta biya kuɗin jirgi,
ko wata jikarta ta taɓa fasa gwangwanin madara
da aka shafe da kuzar kan Nomau.

Wani yaro na wanke babur a gefe.
Ya ce, "Baba, karatun me kake?"
Na ce, "Labarin wata 'yar garinmu."
Ya leƙa hoton jirgin, ya dube ni,
ya koma kan tayarsa.