Babban Yatsan Magini

Shekara talatin da ɗaya na yi ina haƙa
a kufan da ke bayan ƙauyenmu, can saman tsibiri,
inda awaki ke kiwo tsakanin ginshiƙan da suka faɗi.
Masana su zo da zafi, su tafi kafin tsinkar zaitun.
Ni ne mai cebur, ni ne mai buroshi,
ni ke durƙuso har gwiwata ta yi kanta.

Yau Malama Evantiya ta aiko jikata.
"Kaka Lefteris, wai ka zo ka ga abin da aka kawo mana."
Na ɗauki sandata, na bi ta muna gangarawa,
iskar teku tana neman raba ni da hulata.

Yara goma sha huɗu, kwamfuta uku.
An rufe tagogi, allo yana haske kamar bakin tanda.
Wani yaro, Argiris, ɗan mai gyaran komar kifi,
ya taɓa wuri ɗaya da yatsa,
sai ga haikalin nan ya miƙe tsaye.
Ginshiƙan da na sani a kwance tun ina yaro
sun tashi, sun ɗauki rufi a ka,
har da launi, ja da shuɗi,
har da hayaƙin hadaya yana murɗawa sama.
Wata murya daga cikin akwatin tana lissafa shekaru,
wane ya ci wane da yaƙi, jirage nawa suka nutse.

Na ce a raina, to, madalla.
Abin da ya ci mini ƙuruciya
ga shi yaro ya gina kafin in gama tari.

Sai suka buɗe ɗakin tukwane.
Tulu ya fito yana juyi shi kaɗai a cikin duhu,
ba hannun da ke riƙe da shi.
Na gane shi tun kafin ya gama juyowa.
Lamba ɗari biyu da sha bakwai.
Gutsure tara na tsamo shi, ranar wata Talata,
ranar da matata Stamatina ta kawo mini abinci
ta tarar ina magana da ƙasa.

Na ce, "Wannan na'urar ba ta san shi ba.
Ƙarƙashin mariƙinsa na hagu akwai wurin da magini
ya danna babban yatsa tun yumɓu yana ɗanye.
Na sa nawa yatsan a ciki, ya zauna daram,
kamar mun gaisa."

Ajin ya yi tsit.
Jikata Fotini ba ta ce komai ba.
Ta kifar da tulun a kan allo, ta jawo shi kusa,
ta ƙara jawowa, ta ƙara,
har yumɓun ya zama fili mai kwari da tudu.
Ga shi nan.
Zanen yatsa, layi bayan layi, kamar kunyoyin gona,
har da wani ɗan tabo da ya ratsa tsakiya
wanda idona bai taɓa gani ba a cikin rana.

Ashe ya taɓa yankewa.
Shekara dubu biyu da ɗoriya, sai yau na sani.
Da wuƙa ne? Da tsingaro? Wa ya ɗaure masa?

Argiris ya ce, "Kaka, da nauyi?"
Malama ta duba allon, ba a rubuta ba.
Na ce ya kai nauyin ɗan akuya sabon haihuwa,
kuma da na ɗago gindinsa daga rami
sanyinsa ya shige mini har gwiwar hannu,
yana ƙanshin rijiya.
Suka rubuta a littafinsu, har da rijiyar.

Da aka tashi, yara sun fita da gudu,
na tsaya ni kaɗai gaban allon.
Na ɗora babban yatsana a kan nasa.
Gilashi ne, da ɗumi kaɗan.
Da na ɗaga, nawa zanen ya zauna bisa nasa,
Fotini ta zo da tsumma za ta goge,
na ce ta bari sai gobe.